BABI NA UKU: ZANCE DA ABOTA A FINA-FINAN SOYAYYA NA HAUSA, DAGA KANO ZUWA TIGA

3.1 Asalin Zance a Fim

Wannan babi zai dubi matsayin magana a fina-finan soyayya na Hausa tun daga shekarar 1990, da kuma yadda waƙa ta zo ta rage mata ƙarfi.

Kafin a san kyamara a ƙasar Hausa, neman aure da baki ake yin sa. Saurayi yakan je zance bayan sallar isha'i, kuma ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba, sai da aboki. Ita ma yarinya takan fito da ƙawarta. Kunya ba ta barin masoyan su faɗi abin da ke ransu kai tsaye, saboda haka aboki da ƙawa su ne ke jan hirar da zolaya da habaici da karin magana, har a fahimci juna ba tare da wani ya zubar da girmansa ba. Wato ban dariyar da ke cikin zance aiki take yi, domin ita ce ke ɗauke nauyin baki.

Wasannin rediyo da talabijin sun gaji wannan gwaninta ta baki. Abin da ya riƙe masu kallon Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero shi ne iya magana, tun da yake yawancin wasan a ɗaki ɗaya ko ƙofar gida ake yin sa. Daga irin waɗannan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin Hausa na farko da aka sayar a kaset ɗin bidiyo. Ba gwamnati ce ta ba da kuɗin ba, kuma ba wani babban kamfani. Masu irin wannan aiki da kuɗin aljihunsu suke yi, kuma wanda ba shi da kuɗin gina fage ko hayar motoci, dole ya dogara da bakin 'yan wasansa.

3.2 In Da So Da Ƙauna

Misali mafi dacewa shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama. Littafin ya yi tashe a farkon shekarun 1990, sannan aka mayar da shi fim a 1994. Labarin Sumayya ne, 'yar masu hali, wadda ta kamu da son Muhammad, talaka, alhali a gida an fi son ta auri Abdulƙadir mai dukiya. Da aka matsa mata, sai ta faɗa rijiya, amma aka ceto ta da ranta.

Idan aka cire faɗawa rijiyar, kusan duk sauran labarin magana ce: saƙon masoya, da gardamar iyaye, da amsar da Sumayya take bai wa mai kuɗin da ya zo neman ta. Larkin (1997) ya danganta irin wannan labari da tasirin fina-finan Indiya waɗanda aka daɗe ana nunawa a silimun Kano. Wannan gaskiya ne ta fuskar jigo, amma ra'ayin wannan nazari shi ne bai kamata a tsaya nan ba. Abin da ya ja hankalin matasa shi ne sun ji yarinya Bahaushiya tana kare zaɓinta da Hausar da suke ji a zaure da soro, cikin ladabi, ba tare da ta janye ba. Shi ne kuma abin da ya tayar da hankalin wasu iyaye da malamai, domin sun san auren dole ake yi wa shari'a a fakaice.

3.3 Shigowar Waƙa da Tafiya Tiga

Al'amarin ya sauya bayan fitowar Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999, shekarar da aka fara buga mujallar Fim. Waƙar fim ɗin ta yi kasuwa ƙwarai, har 'yan kasuwar kaset suka koma tambayar waƙa kafin labari. Ita kuwa waƙa tana buƙatar wuri mai kyan gani, abin da lungunan birni ba su da shi. Wannan ne ya sa masu shirya fim suka riƙa fita kudancin Kano, musamman madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina aka kammala a 1974, tare da otal ɗin Rock Castle da ke kan dutse a gefenta. Ruwa da duwatsu da itatuwa sun ba da abin da ake nema.

An samu kyan hoto, amma an yi asara ta wani ɓangaren. Abin da a da masoya za su kwashe dare uku suna kewayawa da baki, yanzu waƙar minti biyar a bakin ruwa ta gama da shi. Aboki da ƙawa, waɗanda su ne gishirin zance, suka koma 'yan rakiya ko 'yan amshi. Ban dariya kuma ta ware ta kama gidanta a fina-finan camama, inda Rabilu Musa Ɗan Ibro ya yi sarauta har rasuwarsa a Disamba 2014. Saboda haka fim ɗin da ya haɗa soyayya da raha a cikin hira ɗaya ya yi ƙaranci a wannan tsakani.

Bugu da ƙari, rawa tsakanin namiji da mace ita ce ta fi jawo wa sana'ar fushin jama'a. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, aka kuma tsananta dokokinta a 2007. Ƙasar Bebeji ta sake shiga tarihin a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen shirya fina-finai na naira biliyan 3 a garin Ƙofa. Malamai suka yi ta suka a huɗubobin Juma'a, gwamnatin Muhammadu Buhari ta janye shirin a watan Yuli na shekarar.

3.4 Dawowar Hira

Da kasuwar faifai ta mutu, sai harkar ta koma ga shirye-shirye masu dogon zango a talabijin da YouTube. Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ya nuna cewa mutane za su zauna mako bayan mako suna sauraren maƙwabta da abokai da masoya suna hira a tsakar gida da bakin shago, ba tare da an je Tiga an yi rawa ba. Babi na huɗu zai ɗauki hirarraki daga In Da So Da Ƙauna da Daɗin Kowa, ya kwatanta yadda aka yi amfani da habaici da karin magana a cikinsu.