Daga Wuri Zuwa Waya: Zaman Uwa da 'Ya a Ƙasar Gumel

A gidajenmu na Gumel, har yau akwai uwar da ba ta kiran sunan 'yarta ta fari. Sai dai ta ce "ke", ko "yarinyar nan". Idan baƙi suka yabi yarinyar, uwar ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Baƙon da bai san mu ba zai ɗauka babu shaƙuwa a tsakaninsu. Mu kuwa mun san kunya ce, kuma mun san al'adar da ta ɗora musu wannan kunya ita ce ta ware musu kwana arba'in su zauna ɗaki ɗaya, ranar da 'yar ta zama uwa.

Abin da ya tuna mana da wannan shi ne irin bidiyon da ke yawo a wayoyinmu. Za ka ga dattijuwa Ba'amurkiya da 'yarta, wadda ita ma ta manyanta, sun tafi hutu Las Vegas, sun zauna gaban injin caca suna dariya, sun ce zumunci suke yi. A can abin ya zauna da gindinsa, domin jihar Nevada ta halatta gidajen caca tun 1931. A Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar babu irin wannan gida. Amma muna da namu tarihin zaman uwa da 'ya, muna da kuɗin da ke wucewa daga hannu zuwa hannu a wannan zama, kuma caca ma ba baƙuwarmu ba ce. Abin da ya kamata mu bi diddigi shi ne inda kowanne ya tsaya a da, da yadda aka yi suka haɗu a ɗaki ɗaya a zamaninmu.

Garin kanwa

Mangawa ne suka kafa masarautar Gumel wajen tsakiyar ƙarni na 18. Ta yi mubaya'a ga Barno, kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai shigar da ita ƙarƙashin Sakkwato ba. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 fadar ta taso daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, ta zauna inda take a yau. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, mai tafiya da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Gumel a watan Maris na 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne cinikin kanwa. A nan ayarin Barno da na Muniyo ke sauke ta, a nan fataken yamma ke saya su yi gaba da ita har ƙasar Nufe.

Barth ya ga kanwa a kasuwa, bai ga inda take ƙarewa a cikin gida ba. Idan cikin fari ya kai wata bakwai ko takwas, akan mayar da mace gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan gida. Safe da yamma uwa ko wata tsohuwa a dangi za ta tafasa ruwa, a tsoma ganyen runhu ko na darbejiya, a yi wa mai jego wanka. A dama mata kunun kanwa mai zafi, a gasa nama a barbaɗa yaji, a dafa ƙauri. Ran bakwai a raɗa suna. Sai an cika arba'in za ta yi kwalliya ta fita yawon arba'in, ta gaida dangi, sannan a mayar da ita ɗakinta da gara.

Ba duk abin da ke cikin wannan al'ada ne alheri ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Gidaje da yawa sun rage kanwar, sun sassauta zafin ruwan, kuma sun kyauta. Amma akwai abin da ba ya shiga ma'aunin likita. A waɗannan darare, jariri yana barci, fitila tana ci, uwar da shekara ashirin ba ta kalli 'yarta ido cikin ido ba takan buɗe baki. Ta faɗa mata yadda ake zama da kishiya, da wanda za a amince wa a dangin miji, da wanda za a gaisa da shi kawai. Ta kuma faɗa mata maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi daɗewa a kunne.

Wuri iri biyu

A zamanin Barth kuɗin ƙasar Hausa wuri ne, wanda asalinsa daga tekun Indiya yake, musamman tsibiran Maldibs. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce. A Kano a 1851 wuri 2,500 ne ke sayen riyal ɗaya na azurfa, kuma wuri 20,000 shi ne keso guda. Wannan wuri da ake sayen kanwa da shi, da shi ake caca. A watsa shi ƙasa, a duba nawa ya faɗi rigingine, nawa ya kife, mai rabo ya kwashe. Kowa ya san hukuncin, domin ayoyin da suka hana giya a Suratul Ma'ida su ne suka hana caca. Saboda haka 'yan caca ba su taɓa samun wurin zama na mutunci ba. Bayan kasuwa suke raɓewa, ko gindin wata bishiya nesa da idon dattawa, kuma harkar maza ce. Tana iya cinye rumbun gida, amma ba ta ƙetare zaure ta shiga tsakar gida.

A can ciki wuri yana wani aiki dabam. A shari'a da al'ada, abin da mace ta samu nata ne. Uwa tana kaɗi, tana dakau, tana furar sayarwa, 'yarta tana kai talla, ana jefa ribar a asusu don kayan ɗaki. Akwai biki, inda abin da kika kai wa ƙawa ranar sunanta za ta mayar miki da ƙari ranar naki. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan ƙawance a ƙasar Zazzau, kuma duk wadda ta tashi a Gumel za ta gane shi. Sai kuma adashi: mata goma ko ashirin su riƙa zubi, kowace ta kwasa ranar da layi ya zo kanta.

Adashi ma akwai kasada a cikinsa. Wadda ta yi kwasar farko tana iya daina zubi, uwar adashi tana iya cin amana. Wani lokaci har ƙuri'a ake yi. Sai dai ƙuri'ar adashi tana zaɓen wadda za ta fara ɗauka ne, a ƙarshe kowa ta tashi da abin da ta zuba. Kuma wadda aka ba kuɗin an san ƙofar gidansu, an san uwarta. Shi ya sa amarya kan shiga adashin farko da sunan uwarta: idan ta gaza, uwar za a tambaya. Mutuncin da uwa ta tara shekara talatin shi ne jarin farko da take miƙa wa 'yarta.

Jirgi, gyaɗa da kwabo

Turawa sun karɓi Gumel a 1903. Sannu a hankali anini da kwabo da sule suka ture wuri, ya koma abin adon ƙwarya da kayan 'yan bori. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa ya bi ta Gagarawa ya kai Nguru a 1930. Har yau muna cewa Gagarawa Tasha da Gagarawa Gari. Da jirgi gyaɗa ta samu hanya, da gyaɗa kuma kuɗi suka riƙa shigowa dunƙule lokacin kaka. Tsofaffinmu sun sha ba mu labarin magidancin da ya auna gyaɗarsa da hantsi, ya tsaya kallon masu karta a bakin tasha, ya koma gida da magariba ba ko anini.

Matan gidan su ma sun ci moriyar gyaɗar, amma ta wata hanya. Su ke soya ta, su matse mai, su murza ƙuli-ƙuli. Aiki ne da ba ya yiwuwa da hannu ɗaya, don haka 'yar da ta yi aure kusa takan zo wuni gidan uwarta ranar matsa, a yi aiki a yi hira. Jeren ƙorai ya koma jeren tasoshi, daga baya ya koma kwanukan samira da kwalla. Ribar da ta fi ƙarfin asusu akan mayar da ita tunkiya ko akuya, wadda ranar buƙata za a ba yaro ya kora kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan zamani. A irin waɗannan shekaru, gidaje da yawa da akuyar uwar gida da kwanukanta suka kai ga damina. Yanzu riɗi da zoɓo ne suka maye gurbin gyaɗa, kuma har yau mata ne ke zaune a inuwa suna ɓarar zoɓo, uwa a nan, 'ya a can.

Iyaka da doka

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa ta tsakiyar dangi. Yarinyar Maigatari tana aure a Dungas ko Magariya, ta Damagaram tana aure a Sule Tankarkar. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka buɗe ta Maigatari. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 kafin Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A jaridu maganar shinkafa da shanu aka yi ta yi. A cikin gidaje kuwa akwai masu cikin fari da suka sha wuya kafin su iso gida, akwai waɗanda suka haƙura suka yi arba'in ɗinsu uwa tana ba da umarni ta waya.

An ƙirƙiri jihar Jigawa a 1991, ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, caca ta zama laifi a rubuce bayan kasancewarta abin kunya. Tabarmar masu karta ta ƙara lafewa. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba. Duk waɗannan dokoki sun san caca a matsayin wuri mai ƙofa, wanda za a iya zuwa a garƙame.

Abin da ya ƙetare zaure

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa matan da ba su taɓa shiga banki ba buɗe asusu a waya. Zubin adashi ya koma tiransifa. Uwar adashi da yawa ba ta karanta boko, saboda haka 'yarta ce ke riƙe wayar, ita ke duba alat. A karon farko ilimin kuɗi ya juya, yana tasowa daga 'ya zuwa uwa. A cikin wannan wayar kuma akwai cacar ƙwallo, akwai shafukan da ke cewa a zuba dubu goma a kwashi dubu ashirin. Sun iya bakinsu: ba sa cewa caca, sai su ce jari, wasu ma su ce adashin zamani. Mun ga yadda MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, amma masu irin wannan tarko suna canja suna ne kawai su dawo.

A unguwarmu akwai wata dattijuwa da ta fi shekara ashirin tana riƙe adashi ba a taɓa jin kanta da kowa ba. 'Yarta ta fari ta zo wankan gida, wayar tana hannunta. Wata ƙawarta ta makaranta ta nuna mata wani shafi, ta gwada da nata kuɗin, aka biya ta har sau biyu. Sai ta tura zubin mako guda na mutane, da niyyar ta mayar kafin ranar kwasa, ta sayi wa uwarta atamfa da ribar. Shafin ya rufe. Daren da ta faɗa, an ce tsohuwar ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ke, wa kika sani a cikinsu? Gidan wa za mu je mu yi sallama?" Yarinyar ta ce, "Inna, ba su da gida." Tsohuwar ta ce, "To tashi ki sha kununki, kada ya huce."

Ranar Alhamis aka kora tumakinta uku Maigatari. Ranar Juma'a wadda kwasa ta faɗo kanta ta karɓi kuɗinta cif. Magana ba ta ɓuya a unguwa, wasu suka zo suna bugun ciki, suna son jin ko gaskiya ne yarinyar ce ta yi ɓarnar. Abin da kawai suka samu daga bakinta shi ne, "Ni ce uwar adashi."

Ba mu kawo wannan don a ƙwace waya daga hannun 'ya'ya mata ba. Da wayar nan uwa a Gagarawa ke ganin jikanta da ke Abuja, da ita ake turo kuɗin magani cikin dare. Amma tambayar tsohuwar nan ita ce ma'aunin da iyayenmu mata suka yi amfani da shi tun zamanin wuri, kuma bai tsufa ba. 'Yar ta san maɓallan waya, uwar ta san mutane, kuma babu wadda iliminta zai isa ita kaɗai. Wurin da ake haɗa su biyun shi ne zaman nan da muke ta gajartawa, yau aiki ya hana, gobe nisa, jibi a ce wankan gida ƙauyanci ne.

Yarinyar ta cika arba'in ɗinta, ta koma ɗakinta. Mun ji cewa duk wata tana turo abin da ya sawwaƙa, kuma an riga an mayar da tunkiya ɗaya turke. Wayar adashi tana hannun tsohuwar yanzu, ta koyi gane lambobi, duk da sai ta nisanta ta da ido kafin ta karanta. Idan alat ya shige mata duhu, takan ba jikanta na wajen ɗa wayar ta ce, "Kira mini yarinyar nan."