Cinyewar Gashin Goshi Sakamakon Kitso: Musabbabi da Hanyoyin Magani

Tsakure

Wannan maƙala ta duba nau'in zubewar gashi da ɗaurin kitso ke haddasawa, tare da bambanta shi da sauran nau'o'in da ake yawan rikita su da shi. Ta dogara ne kan binciken da masana cututtukan fata suka wallafa. Matsayarta ita ce lokacin da aka gano matsalar ya fi kowane magani tasiri.

Gabatarwa

Kan ɗan Adam na ɗauke da tushen gashi kimanin 100,000. Kowane sili yakan yi shekara biyu zuwa shida yana tsiro, ya huta na kusan wata uku, sannan ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba cuta ba ce. Matsala takan fara ne idan silin da ya faɗi bai sami magaji ba.

Rarrabe nau'o'i

Da yawa daga abin da ake kira zubewar gashi mai wucewa ne. Mai jego takan ga gashi cike da mataji wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma yawanci yakan dawo kafin a yaye yaro. Haka yake bayan zazzaɓi mai tsanani, ko ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, ko cutar maƙoƙo. A nan tushen cutar ake bi. Sanƙon maza kuwa gado ne haɗe da aikin sinadarin mazakuta, alaƙar da James Hamilton ya nuna tun 1942. Shi kuma makero, wanda aska ɗaya kan yaɗa tsakanin yara, ƙwayar cuta ce da man shafawa kaɗai ba ya kashewa. Sai an sha magani irin griseofulvin na mako shida zuwa takwas.

Yadda ɗauri ke kashe tushe

Nau'in da ya fi damun mu shi ne wanda mata ke cewa “gabana ya cinye”. Binciken da Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2007, ya same shi a kashi 31.7 cikin ɗari na matan da aka duba, da kashi 17.1 na 'yan mata 'yan makaranta. Sun kuma gano cewa haɗarin ya fi yawa idan aka ɗaure gashin da aka riga aka miƙar da rilaksa. Ba za a ɗora waɗannan alƙaluma kai tsaye kan matan Hausawa ba, amma yadda tushen gashi ke amsa ja iri ɗaya ne ko'ina.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makitsiya a jajibirin salla ya ga farkon abin. Yarinya na tsakanin ƙafafunta, ana tsinto ƙananan gashin goshi ana cusawa cikin shuku, girarta ta ɗage sama, daren nan kuma ba ta iya ɗora kai a matashi. Bayan kwana biyu sai ƙananan ƙuraje su fito a bakin kitson. Akan ce kitso ya kama, zai daɗe. A likitance kuwa zafin da ƙurajen alamar kumburin tushe ne. Nauyin gashin doki da ɗaurin ɗankwali a wuri guda kullum suna ƙara wa abin ƙarfi.

Da fari tushen yana nan da rai, gashin da yake fitarwa ne ke ƙanƙancewa. Idan ja ya ci gaba shekara da shekaru, tabo kan maye gurbinsa, fatar ta yi sumul, ba ko ramin gashi. Wata alama da ke taimaka wa likita ita ce siririn layin gajerun gashi da kan rage a bakin goshi, sanƙon na bayansa.

Magani

Kafin tabo, mataki na farko kyauta ne: a sassauta kitso, a tsefe duk wanda ya yi zafi, a riƙa sauya salo, a bar kai ya huta tsakanin kitso da kitso, kada kuma a haɗa rilaksa da ƙarin gashi. Likita kan iya ba da maganin rage kumburi, da minoxidil, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don gashi a 1988. Yana buƙatar wata uku zuwa shida kafin a ga canji, kuma ba na mai ciki ba ne. Finasteride, da aka amince da shi a 1997, na sanƙon maza ne, ba shi da hurumi a nan.

Man kaɗanya da man kwakwa suna tausasa gashi su rage karyewa, wannan gaskiya ne. Amma a ganinmu, mayukan da ake tallatawa da alkawarin tsirar da goshi cikin mako biyu sun fi cin lokacin mara lafiya fiye da kuɗinta. Idan tabo ya zauna, dashen gashi ne ya rage, shi ma sai an daina ɗaurin da ya jawo matsalar, domin tushen da aka dasa ma ja na iya kashe shi.