Fatar Jar Akuya da Sabuwar Gasar Kasuwar Duniya: Nazari daga Danchadi

A Danchadi da sauran garuruwan ƙasar Boɗinga da Shagari, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da turken awaki ba, kuma galibinsu na mata ne. Jar akuyar da ke ɗaure a wannan turke ta daɗe tana cikin cinikin ƙasa da ƙasa, ko da mai ita ba ta taɓa leƙa Kano ba. Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne, fasahar zamani da haɗewar kasuwannin duniya sun ɗauke gasar fata daga inda muke da rinjaye, wato kyawun fatar kanta, sun mai da ita kan gyara da shaida da suna, inda har yanzu hannunmu bai kai ba.

Tun zamanin ayari fatar jar akuya ke tsallake Sahara zuwa Tarabulus da Maroko, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko. Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya lissafa jemammiyar fata da takalma cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, hanya ta juya kudu zuwa Legas, amma dalilin sayen bai sauya ba: fata ce mai laushi da ƙarfi, wadda masu ɗaure littattafai da masu ɗinka safar hannu ba su samu kamarta ba. A wancan lokaci akuyar ce ke yi mana gasa. Majemi zai jiƙa fata a ruwan toka, ya kankare gashin, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, ya shafe ta da mai, sannan a rina ta da karan dafi. Ilimin aikin da kayan aikin duka a gida suke.

Jima da sinadarin kurom, wadda ta yaɗu a ƙarshen ƙarni na 19, ita ta fara raba mu da wannan matsayi, domin tana da sauri kuma tana buƙatar injuna da jari. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano sun ɗauki wannan hanya, sai dai mafi yawan abin da suke fitarwa fata ce da ba ta zama jaka ko takalmi ba. Garuruwa irin su Solofra a Italiya, da suka ƙware kan fatar awaki da tumaki, su ke da fasahar launi da sheƙi, kuma a can ne riba mai tsoka take. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A shekarun baya-bayan nan matsin ya zo ta fuska biyu. Daga ƙasa, fatar roba da takalman ƙasar Sin sun cika kasuwanninmu a kan kuɗin da baduku ba zai iya sayen ɗanyen kaya da shi ba, balle ya ɗinka. Wannan kowa na ganinsa ranar kasuwa. Wanda ba a gani shi ne matsin da ke zuwa daga sama, kuma a ganina ya fi hatsari. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan nau'in kurom mai cutarwa ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Ƙungiyar Leather Working Group, da aka kafa a 2005, tana binciken masana'antun jima ta ba su daraja, kuma manyan kamfanonin takalma da jakunkuna suna duba wannan daraja kafin su sayi fata. Tambayoyinsu su ne: ina aka yanka dabbar, ta hannun wa fatar ta biyo, ina ake zuba ruwan jima? Fatar da aka tattaro ɗai-ɗai daga mahautan ƙauye hamsin, ta ratsa hannun dillalai uku ko huɗu, ba ta da amsa, komai kyawunta.

Wani zai ce ai wayar salula ta daidaita tsakani, tunda dillali yana iya tura hoton kaya ta WhatsApp ya karɓi kuɗinsa ta banki kafin mota ta tashi. Haka ne, kuma an rage asara da fashin hanya. Amma a duba inda labari ke tsayawa. Faɗuwar farashi a Turai kan iso kasuwar ƙauye cikin kwanaki, tashinsa kuwa yakan maƙale a hanya. Mai akuya tana sayar da ita da rai, ba ta san kason fata a cikin kuɗin ba. Mahaucin da ke fiɗa shi ma sau da yawa ƙidaya ake saye a hannunsa, don haka babu abin da zai sa ya sassauta wuƙa. Tsaga ɗaya a gadon baya ta isa ta sauko da fata daga daraja ta farko. Haka shanya ta a ƙasa cikin rana, ko jinkirin sa gishiri har gashi ya fara zuba. Idan kuɗin bai taka kara ya karya ba, sai a babbake akuyar a ci da fatar, kuma ban ga laifin mai yin haka ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ana ɓata dukiyar da aka ɗauki ɗaruruwan shekaru ana gina sunanta, a cikin 'yan mintuna, saboda ba wanda ya biya ladan kulawa.

Masu kishin masana'antu suna yawan kawo misalin Habasha, wadda ta ɗora harajin kashi 150 cikin 100 kan fitar da ɗanyar fata a 2008, daga baya kamfanin Huajian na ƙasar Sin ya buɗe masana'antar takalma a can a 2012. Darasin yana da amfani, amma ina da ja a kan kwaikwayonsa ido rufe. Toshe ƙofar fita ba tare da wutar lantarki da masana'antar da za ta shanye kayan ba, farashi zai karya, kuma wadda za ta fara ji a jikinta ita ce matar Danchadi. Ga shi iyakar Illela ba nisa. Fatar za ta nemi wata hanya.

Maƙwabtanmu sun fi mu gane inda gasar ta koma. Nijar, wadda ke kiwon wannan akuya a ƙasar Maraɗi, ta yi wa fatarta rajistar tambari a hukumar kare mallakar fasaha ta OAPI, kamar yadda ta kare sunan kilishi da albasar Galmi. Tambari shi kaɗai ba ya ƙara ko sisi, amma yana tilasta a rubuta ƙa'ida: wace akuya, wace fiɗa, wace jima. A nan ne jimar bagaruwa, da aka daɗe ana yi wa kallon ci baya, take da kasuwa, domin ba ta da kurom, kuma akwai masu saye a Turai da ke neman irinta. Cibiyar binciken fasahar fata da ke Samaru, Zariya, tana da ɗakunan gwajin da za su iya tabbatar da hakan a rubuce. Abin da ya rage aiki ne na matakin ƙaramar hukuma: rumfar tattara fata a kasuwannin Boɗinga da Shagari, inda za a tantance daraja a gaban mahauci, a biya shi bambancin nan take, a sa wa kowane ɗauri lamba da sunan garin da ya fito kafin a loda shi zuwa Kano.