Daga asusu zuwa dokin katako: tarihin kalmar "carrousel"

A littattafan Faransanci da yaranmu ke karantawa a lakwal, akan ci karo da hoton wani lilo mai kewayawa, yara na zaune bisa dawakin katako. Wani littafin ya kira shi manège, wani ya ce carrousel. Sau da yawa malami kan ce "abin wasan Turawa ne", ya wuce. A ganina wannan amsa ta yi wa yaron Gure rowa, domin tarihin kalmar tarihin doki ne da mahaya, abin da ƙasar Muniyo ta sani tun kaka da kakanni.

Faransawa sun aro kalmar daga Italiyanci, carosello. A birnin Napoli ana cewa carusiello, wato asusun yumɓu, irin wanda yaranmu ke jefa kuɗi a ciki sai Sallah ta matso su fasa. Sunan ya fito daga caruso, yaro mai askin ƙwal-kwabo, saboda asusun ya yi kama da kansa. Akwai masu cewa asalin kalmar "ɗan ƙaramin yaƙi" ne, amma manyan ƙamusoshi sun fi karkata ga asusun.

To me ya haɗa asusu da doki? Wani wasa ne na mahaya. Sukan rabu gida biyu, su bi juna a sukwane suna jifa da dunƙulen yumɓu mai rami a ciki, wanda aka cika da toka ko furanni, wanda aka jefa kuma ya kare da garkuwa. A Sifaniya sunan wannan dunƙule alcancía, shi ma ma'anarsa asusu, kuma ya samo tushe daga Larabcin Andalus, daga kanz, wato taska. Sifaniyawa sun karɓi mulkin Napoli a farkon ƙarni na 16, wasan ya samu gindin zama a can da sunan da mutanen garin suka ba shi.

A Faransa, wani hatsari ne ya buɗe masa hanya. A 1559 Sarki Henri na Biyu ya rasu bayan tsinin mashi ya shige masa ido a wasan karo da dawaki. Daga nan fada ta riƙa ja da baya daga wasan da ke kisa, ta koma ga na ado da gwaninta. Mafi shahara shi ne wanda Louis na 14 ya shirya a Paris ran 5 da 6 ga Yuni 1662, don murnar haihuwar magajinsa. Har yau sunan filin Place du Carrousel. Cikin wasannin akwai na zobe: a rataye shi, mahayi ya taho a guje ya tsinko shi da mashi. Daga baya aka ƙera dawakin katako da ke kewaya ginshiƙi, mahayinsu na neman zoben, mutum ko dabba na juya su. A shekarun 1860 a Ingila aka sa musu injin tururi, suka zama abin wasan yara a kasuwannin biki. Ita ma manège daga Italiyanci take, ma'anarta horar da doki.

Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Damagaram ranar hawan Sallah zai gane wannan tafiya. Sukuwa da jahi da lifidi duk kayan yaƙi ne da suka koma kayan biki bayan yaƙi ya ƙare. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Gure a Disambar 1852, ya tarar da Muniyoma Koso da rundunar mahaya ta gaske, wadda ake tsare ƙasa da ita. Jikokin waɗannan mahaya a yau sai biki ke fito da su. Yaron da ba shi da doki kuwa, sai ya sami karan dawa ya lanƙwasa kansa, ya ɗaura masa linzamin tsumma, ya haye. Dokin kara da dokin katako hanya ɗaya suka biyo: daga fagen fama zuwa fada, daga fada zuwa hannun yara.

Abin da ke damuna shi ne yaro ya haddace carrousel don jarrabawa, ya ɗauka cewa duk abin da ya cancanci shiga littafi daga waje yake zuwa, alhali dokin karan da ke ƙofar gidansu yana ɓacewa ba wanda ya rubuta shi. Shawarata ga malamai, ranar da darasi ya kai kan wannan kalma, a shigo aji da asusu da karan dawa, a sa yara su tambayo kakanninsu sunayen kayan doki: sirdi, likkafa, linzami, jalala. Iyaye kuma, idan yaro ya ja kara yana sukuwa a tsakar gida, a bar shi ya yi, a gaya masa wa yake kwaikwayo.