Dutsen Wata da Sunan Rana

Da muka je gida Malumfashi sallar bara, ƙanwata ta miƙo mini wayarta ta ce, "Yaya, dubi abin da zan saya wa Inna." Zobe ne mai ƙwayar dutse ja wur, ana tallarsa a Instagram. Mai tallar ta ce dutsen haihuwa ne na 'yan watan Janairu, yana kawo aminci da kariya. Katin shaidar Inna kuwa ya ce ranar 1 ga Janairu aka haife ta. Na yi dariya, don tsofaffin unguwarmu da yawa ranar ke jikin katinsu: an tambaye su ranar haihuwa suka ce ba su riƙe ba, mai cike takarda ya zaɓar musu.

Masu talla kan ce al'adar nan ta fi shekara dubu uku. Da gyara a maganar. Tushen da ake jingina ta da shi yana cikin Littafin Fitowa na Attaura, babi na 28, inda aka siffanta ƙyallen ƙirjin Annabi Haruna mai duwatsu 12, jeri huɗu, uku-uku, kowanne da sunan ƙabila ɗaya ta Bani Isra'ila. Babu maganar wata a wurin ko kaɗan. Sai a ƙarni na farko na Miladiyya masanin tarihin Yahudawa, Josephus, ya danganta duwatsun da watanni 12 da buruji 12. Har yau masu fassara ba su daidaita kan ainihin duwatsun da sunayen Ibraniyancin ke nufi ba.

Ko bayan haka, mai hali a Turai duka sha biyun yake tarawa, yana sa kowanne in watansa ya kama. Riƙe dutsen watan haihuwa shi kaɗai daga baya ya zo. Masanin duwatsu George Kunz, a littafinsa na 1913, ya kai asalinsa ƙasar Folan a ƙarni na 18.

Jerin da ake yawo da shi a waya yanzu, 'yan kasuwa ne suka tsara shi. A 1912 ƙungiyar masu sayar da kayan ado ta Amurka ta zauna a Kansas City ta raba wa watanni duwatsu: daiman ga Afrilu, zumurrudu ga Mayu, lu'ulu'un teku ga Yuni, shuɗin yaƙutu ga Satumba, da sauransu. Jan yaƙutu, wanda tsofaffin jeri suka ba Disamba, ya zauna a Yuli. Fairuz da ke Yuli ya koma Disamba. An ƙara wasu a 1952. A 2002 aka shigar da tanzanait cikin Disamba, dutsen da ba a ma gano shi ba sai 1967 kusa da Arusha a Tanzaniya, kuma kamfanin Tiffany ne ya raɗa masa suna. Wannan fa shi ne "tsohon sirrin". Wasu ma'anonin dai tsofaffi ne da gaske: sunan ametis, na Fabrairu, a Girkanci yana nufin wanda bai bugu ba, don sun ɗauka yana hana maye; ganet na Janairu kuwa ana danganta sunansa da 'ya'yan rumman saboda jansa.

Mu ma ba baƙin duwatsu ba ne. Iyayenmu mata sun yi ado da tsakiya da murjani, sun adana su a matsayin dukiyar da ake fitarwa ranar biki ko ranar matsi, a kuma bar wa 'ya'ya gado. Alhazai na dawowa da zoben azurfa mai aƙiƙ, kuma ya zo a hadisi cewa zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne mai ƙwayar Habasha. Amma ba a taɓa tambayar mace watan haihuwarta kafin a ɗaura mata tsakiya ba. Malamai kuwa maganarsu a bayyane take: ado halal ne, amma jingina wa dutse kariya ko sa'a abu ne da ke taɓa tauhidi.

Bahaushe ya adana lokacin haihuwa, sai dai a cikin suna ya ajiye shi, ba a yatsa ba. Ladi da Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe: kowa na yawo da ranarsa. Inda wata ya shigo, watan sama ne, shi ya ba mu Azumi da Sallau. Watan sama kuwa yana ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, ba zai zauna daram cikin jerin Kansas City ba. A ƙasar noma irin tamu, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, inda auduga da masara da dawa ke raba wa mutane shekara, gona ma ta raɗa nata: Nomau, wanda aka haifa ana tsakar noma, da Marka, wadda ta zo cikin ruwan da ba ya ɗaukewa.

Inna kuwa Marka ce. Ke nan wajen Agusta aka haife ta, Janairu tana can tsakiyar hunturu. Da ƙanwata ta karanta mata bayanin zoben, sai ta juya wayar ta duba bayanta, ta mayar mata, ta ce in dai kuɗin na nan, a nemo mata tsakiya irin wadda ta sayar shekarar da aka kai ni makarantar kwana.