Zangon da Ke Kwance Ƙarƙashin Tafkin Volta

Duk ranar Sallah, idan la'asar ta yi sanyi, mukan gangara bakin ruwa a Kete-Krachi domin shan iska. Yara na wasa a gaɓa, samari na ɗaukar hoto, masunta na gyaran taru. Kaɗan ne daga cikinmu ke tuna cewa tafkin nan bai kai wasu dattawanmu shekaru ba, kuma a ƙarƙashinsa tsohon garinmu yake.

Asalin zamanmu a nan fatauci ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, kasuwar Salaga kuwa ita ce matattararsu. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga a 1892, kasuwar ta watse, 'yan kasuwa da malamai da yawa suka gangaro Kete, kusa da garin Krachi a gefen kogin Volta. Nan da nan zango ya cika ya batse. A cikin waɗanda suka zo har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin garin, ya karantar da ɗalibai, ya yi rubuce-rubuce da waƙoƙi da Larabci da Hausa. A zamanin mulkin Jamus, wani jami'i mai suna Adam Mischlich ya tattara wasu daga cikin rubuce-rubucensa na Hausa. A nan Allah Ya yi masa rasuwa a 1934.

Sai zamani ya juya. A 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta fara gina madatsar ruwa a Akosombo domin samar da lantarki, aka kammala a 1965. Ruwan da aka tare ya malala ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500. Mutane wajen 80,000 suka bar gidajensu, aka gina sababbin matsugunai 52 domin tsugunar da su. Tsohuwar Kete na cikin garuruwan da ruwa ya ci, shi ya sa aka koma kan tudu inda muke yanzu.

Tafkin ya zo da alheri: kifi, sufurin jirgin ruwa, da wurin hutawa da ba a biyan ko sisi. Ya kuma zo da nasa sharrin. Itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ciki, sukan fasa kwalekwale. Cutar tsargiya ta yaɗu a garuruwan gaɓa, domin dodon-koɗin da ke ɗauke da ita yana son ruwa mai kwanciya, kuma yara masu iyo ta fi kamawa.

Abin da ya fi damunmu shi ne mantuwa. Waɗanda suka yi wasa a lungunan tsohon zango suna yara, yau sun haura shekara 65, kuma kullum raguwa suke. Su kaɗai suka san inda masallaci yake, inda kasuwa take, da gidan wa ke maƙwabtaka da na wa. Sallar bana, kafin mu gangara bakin ruwa, mu tafi da dattijo ɗaya, mu roƙe shi ya nuna mana wuraren da hannunsa, mu naɗi muryarsa a waya, mu rubuta sunayen unguwannin.