Rediyon Gari a Arewa: Asalinsa da Gardamar Makomarsa

Shekarun nan ana ta gardama tsakanin masana a kan gidajen rediyon ƙasarmu. Waɗansu suka ce rediyo ya tsufa, wayar hannu ta gaje shi. Waɗansu kuwa suka ce ai ba a taɓa samun tashoshi da yawa kamar yanzu ba. Ni a ganina kowane ɓangare ya riƙe gefe guda na gaskiya, amma ba za a raba gardamar ba sai an waiwayi asali, domin abin da ake kira rediyo ya sake kama har sau uku a Arewa.

Kamarsa ta fari ta gari ce. A cikin 1944 aka kafa tasha a Kano, shekara tara bayan ta Ikko. Ita wannan tasha ba ta watsa magana cikin iska. Takan kamo shirin London ne, ta haɗa da nata na Hausa, sa'an nan ta aika ta waya zuwa akwatunan da aka kakkafa a gidajen masu biya, da kuma wuraren taruwar jama'a, kamar ƙofar fada. Inda waya ta tsaya, nan magana ta tsaya. Mutumin ƙauye ba ya da rabo, sai fa ran da ya shigo birni cin kasuwa. Daga baya Kaduna da Zariya da Jos suka sami irinta.

Kama ta biyu ita ce wadda dattawa ke begen ta yau. A cikin 1962 Gwamnatin Jihar Arewa, zamanin Sardauna, ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata na kanta a Kaduna. Aka kuwa yi gamon katar, gama a daidai lokacin ne ƙaramar rediyo mai batir ta fara araha, har ta kai hannun manomi da makiyayi. Muryar Kaduna a gajeren zango, mita 49, ta ratsa Sakkwato da Barno, ta ƙetare zuwa Damagaram da zangunan Gana. Mutum yana ruga ko bakin fadama, rediyo rataye a kafaɗa, ya ji an ambaci sunansa da na garinsu a Zaɓi Sonka, ko ya saurari Jakar Magori, ko dariyar Samanja. A nan ne mawaƙa irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suka zama na kowa. Ya kamata malaman Hausa su lura da wani abu kuma: wannan gida ya yi wa daidaitacciyar Hausa aikin da makaranta kaɗai ba ta iya ba, domin wanda bai taɓa riƙe littafi ba ya ji ta kullum safe da yamma.

Saboda haka ne da Gwamnatin Soja ta sake tsarin rediyo a cikin 1978, ta mayar da gidan Kaduna ƙarƙashin Tarayya, ta kuma tsayar da tashoshin jihohi a matsakaicin zango, mutanen Arewa suka ta da jijiyar wuya a kan kada a rage wa Kaduna nisan murya. Ba a rage ba. Amma abin da doka ba ta yi ba, tsufan injuna da ƙarancin wutar lantarki da tsadar mai sun yi shi sannu a hankali, muryar ta dinga ɗaukewa tana dawowa.

Kama ta uku ta biyo bayan dokar 1992, wadda ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi. A Kano Freedom ta fara a cikin 2003, waɗansu suka bi sahu. Galibinsu a zangon FM suke, muryarsu tangaran, mai sauraro kuma yakan buga waya ya faɗi kokensa, hukuma tana ji. Wannan ci gaba ne, ba musu. Sai dai FM ba ta da dogon zango, mai talla kuma inda masu saye suka taru yake nema. Watau rediyo ya komo birni inda ya fito, kamar zamanin akwatin waya. Ga kuma sayar da fili, inda mai kuɗi, ɗan siyasa ne ko mai magani, yakan sayi rabin sa'a ya faɗi son ransa, shirin noma da wasan kwaikwayo su rasa wuri.

To, masu cewa a koma intanet, da mutumin birni suke magana, wanda ke da wutar caji da kuɗin data. Na ƙauye kuwa, wanda gajeren zango ya ɗauke shi ɗa, shi ne ya yi hasara. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata hanya tun 1999, da suka kafa ƙaramar tashar jama'a a Bankilare mai aiki da hasken rana, irinta kuma suka yaɗu cikin ƙauyuka. Nijeriya ba ta ba da izinin irin waɗannan ba sai a cikin 2015, tashoshi 17 a ƙasa duka.